Rufe Masana'anta da Lissafin Asara: Tsokaci a Kan Ma'aunin Gilashi da na Auduga a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta sa gaba shi ne yin tsokaci a kan wata hanyar lissafi wadda ta zama jiki ga marubuta da 'yan jarida da jami'an gwamnati a duk lokacin da aka rufe wata masana'anta. Hanyar kuwa ita ce a ƙidaya mutanen da sunayensu ke cikin takardar albashi a ranar da aka garƙame ƙofa, a ce ga adadin waɗanda suka rasa aiki, shi ke nan an rufe littafi. A ganinmu wannan ma'auni yana da inda ya dace, kuma babu inda ya fi dacewa da shi kamar masana'antar gilashi. Amma idan aka ɗauko shi aka auna masaƙun Arewa da shi, sai ya bar mafi yawan masu asara a waje. Domin mu nuna haka, za mu fara da gilashin, sa'an nan mu juyo ga auduga, mu tsaya a ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum na yammacin Jihar Zamfara, inda ba a kafa wata babbar masaƙa ba, amma duk da haka rufe masaƙun Gusau da Kaduna ya taɓa aljihun talakawansu.

2.0 Yadda Masana'antar Gilashi Take Mutuwa

Ana haɗa gilashi ne da yashi mai tsabta, da tokar soda wadda dangin kanwa ce, da dutsen farar ƙasa, a ƙara da fasassun kwalabe, a narkar da su a cikin tanderu mai zafin da ya kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar an hura wannan tanderu, to, ba a kashe shi dare da rana har shekara goma ko fiye. Idan wuta ta mutu alhali akwai narkakken gilashi a ciki, sai ya daskare ya zama dutse, tubalan tanderun su tsage, gyara kuma ya kusa kai kuɗin sabon gini. Saboda haka mai masana'antar gilashi ba shi da damar da tela yake da ita, ta ya rufe shago idan ciniki ya ja baya ya buɗe idan Salla ta matso. Ko dai wuta na ci, ko kuma an tashi baki ɗaya.

Abu na biyu shi ne kayan aikinta daga rami ake haƙo su da injuna, mutane kaɗan ne ke wannan aiki. Ke nan yawancin masu ci da masana'antar suna cikin katangarta ko a unguwannin da ke kewaye da ita, sunayensu a rubuce, ƙungiyarsu a tsaye.

Alal misali, mu dubi garin Waterford na ƙasar Ailan, wanda ya yi suna wajen sassaƙar gilashi tun daga 1783. A watan Janairu na 2009 kamfanin ya durƙushe, aka rufe masana'antarsa ta Kilbarry, ma'aikata suka mamaye ginin suka ƙi fita har makonni da dama. Daga baya waɗansunsu suka kai ƙara a kan kuɗin fanshonsu, kuma a shekarar 2013 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa gwamnatin ƙasar ba ta kare musu haƙƙinsu yadda doka ta tanada ba. Abin lura a nan shi ne an san mai asara, an san abin da ya rasa, an kuma san wanda zai kama. A nan Nijeriya ma haka abin yake. Manyan masana'antun kwalba suna kudu, a Agbara ta Jihar Ogun da Ughelli ta Jihar Delta, kusa da yashi da iskar gas da kamfanonin lemo. Da masana'antar Oluwa Glass ta Igbokoda a Jihar Ondo ta tsaya, garin da ma'aikatansa ne suka ɗauki nauyin abin. A irin wannan hali mai ƙidaya ta takardar albashi bai yi nisa da gaskiya ba.

3.0 Masaƙa Tana da Saiwa a Gona

Masaƙa kuwa wata halitta ce dabam, domin abincinta daga gona yake fitowa, gonar kuma ta ƙaramin manomi ce. Tun 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa ƙungiyar da aka sani da BCGA domin samun auduga daga ƙasashen da suke mulki. Ita ce ta kakkafa injunan gurzar auduga a Arewa, har da na Gusau, kuma isowar layin dogo daga Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929 ta mai da kudancin Lardin Sakkwato, watau ƙasar Zamfara, ɗaya daga cikin manyan wuraren sayen auduga. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, a cikin waɗannan shekaru kuma aka kafa masaƙar Zamfara Textile Industries a Gusau.

Bari mu bi sawun ƙullin auduga guda daga wani ƙauye na ƙasar Anka ko Bukkuyum. Manomi ya shuka da damina, mata da yara suka tsince ta bayan kaka, mai jaki ko mai raƙumi ya kai ta fuloti, malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, aka ɗora a sikeli, 'yan dako suka ɗura a buhuna suka loda, direba da yaran mota suka kai ta injin gurza. A can sai a raba ta biyu: kimanin kashi ɗaya cikin uku ne auduga tsantsa da za a ɗaure dila-dila a aika masaƙa, sauran kuwa angurya ce, wadda ake tatsar mai daga gare ta, a ba dabbobi tunkuzarta, a ware iri don baɗi. A kowace gaɓa akwai mai tuwo da mai fura da mai shayi da suke jiran a yi awo su yi ciniki. Daga cikin duk waɗannan mutane babu wanda sunansa ya taɓa shiga takardar albashin masaƙa.

Har ila yau, lokacin da kuɗin auduga ke shigowa yana da muhimmanci ƙwarai. Yana zuwa ne da rani, bayan an zuba gero da dawa a rumbu. Da shi magidanci yake biyan haraji a zamanin da ake biyansa, ya yi suturar iyali, ya aurar da 'ya, ba tare da ya fasa rumbu ba. Ga wanda kuɗin bai ishe shi ba akwai cin rani, al'adar da R. Mansell Prothero ya yi nazarinta a Lardin Sakkwato tun shekarun 1950. Da masaƙu suka bunƙasa, Gusau da Kakuri ta Kaduna sun shiga cikin wuraren da saurayi kan nufa, ko bai sami aiki a cikin masaƙa ba ya sami dako ko ga-ruwa ko yankan farce a bakin ƙofarta.

4.0 Suka ta Farko: Wa Aka Ƙidaya?

An rufe KTL a 2002, masaƙar Gusau da Arewa Textiles suka bi sahu a cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, UNTL ta Kaduna kuma ta dakatar da aiki a 2007. Tun daga lokacin ake ta kawo alƙaluma. Wani marubuci ya ce a zamanin ganiyar masaƙu ma'aikatansu sun kai 250,000 a ƙasa baki ɗaya, wani ya ce 500,000. Wannan saɓani kansa abin dubawa ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Ko wane adadi aka ɗauka, tushensa ɗaya ne, watau rajistar kamfanoni da ta ƙungiyar ma'aikatan masaƙu wadda aka kafa a 1978, mai hedikwata a Kaduna. Lissafin bakin ƙofa ne, irin wanda ya dace da Waterford.

Ba mu raina wahalar da ma'aikatan suka sha ba. Kowa ya san yadda tsofaffin ma'aikatan KTL suka shafe shekaru suna neman haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Abin da muke cewa shi ne ma'aikaci yana da takardar ɗaukar aiki da zai nuna, da ƙungiyar da za ta yi magana da yawunsa, da ɗan jaridar da zai zo ya ɗauki hotonsa. Manomin Gummi da ya wayi gari babu fuloti, ba a ce an kore shi daga aiki ba, don ba a taɓa cewa an ɗauke shi ba. A littafin gwamnati jiya manomi ne, yau ma manomi ne, saboda haka babu abin da ya faru da shi.

Akwai wani batu na adalci a ƙarƙashin wannan. Da kuɗin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa da Hukumar Raya Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, aka gina KTL. Dukiyar Hukumar Ciniki kuwa ta taru ne daga rarar da ke tsakanin farashin da take biyan manomin gyaɗa da auduga da farashin da take sayarwa a kasuwar duniya. Ashe ke nan gumin manomi yana cikin tubalin masaƙar, amma da aka zo lissafin masu bin ta bashi, da bankuna da ma'aikata da 'yan kwangila aka yi zama.

5.0 Suka ta Biyu: Begen Zamanin Da

Kuskure na biyu ya fi yawa a bakin mutanenmu na Arewa, shi ne ɗaukar cewa komai yana tafiya daidai har ranar da kayan Sin suka shigo. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Noman auduga ya fara ja da baya tun shekarun 1970, sa'ad da fari ya afka wa Arewa, kuɗin man fetur ya tsadar da ƙwadago, farashin hukuma kuma ya kasa bin farashin hatsi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: da manomi ya ga haka sai ya koma ga dawa da masara. Masaƙu suka shiga sayo auduga daga waje, kuma da kuɗin waje ya yi wuya a farkon shekarun 1980 sai suka faɗa cikin ƙarancin kayan aiki. A kan wannan ne Gunilla Andrae da Björn Beckman suka rubuta littafinsu na 1987 mai suna Industry Goes Farming, inda suka bi diddigin yadda masaƙu suka shiga neman auduga da kansu, har waɗansu suka buɗe gonaki.

A 1986, a ƙarƙashin shirin SAP, aka rushe hukumomin ciniki har da ta auduga, aka kuma karya darajar naira. Hukumar ta danne farashi, gaskiya ne, amma ita ce ke raba iri, ita ke tsayar da fuloti, ita ke tabbatar da daraja. Da ta tafi babu magaji, sai iri ya cakuɗe, auduga ta riƙa zuwa da ƙasa da ruwa a ciki don ta yi nauyi, amana ta ƙare tsakanin manomi da ɗan kamasho da mai injin gurza. A ɗaya gefen kuma wutar lantarki ta zama sai an gani, baƙin man da tukwanen masaƙu ke sha ya yi tsada ya yi wuya, duk da cewa matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 tana maƙwabtaka da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗage hanin shigo da yadi a 1997, da ƙarewar yarjejeniyar ƙayyade cinikin tufafi ta duniya a farkon 2005, da atamfar fasa-ƙwauri da ke biyowa ta Kwatano da Maraɗi zuwa Kantin Kwari, duk sun sami masaƙun ne a kwance.

A nan akwai darasi a wurin masu sana'ar gilashi na gargajiya, watau mutanen unguwar Masaga ta Bida, waɗanda S. F. Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942. A da suna haɗa gilashinsu da yashi da kanwa, da kwalaben kamfani suka yawaita sai suka koma narkar da su suna yin awarwaro da duwatsun wuya, sana'ar kuma tana nan har yau. Sun mai da kayan masana'anta abincin murhunsu. Masu kaɗi da masu saƙar hannu da marina na ƙasar Zamfara ba su yi irin wannan sa'a ba, domin akoko da atamfar kamfani sun cinye musu kasuwa tun masaƙu suna da rai. Ke nan ƙauye ya yi asara sau biyu, da farko sa'ad da masaƙa ta zo, na biyu sa'ad da ta tafi, kuma ma'aunin bakin ƙofa bai kama ko ɗaya ba.

6.0 Inda Aikin Ya Koma

Mutumin da ya rasa kuɗin rani ba ya naɗe hannu. A ƙasar Anka da Bukkuyum akwai zinariya, an kuma daɗe da sanin haka. Da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza a wajajen 2008 da 2009, sai haƙa ta zama sana'ar rani ta dubban mutane. Ana kawo duwatsun cikin gida, a daka a turmi ko a kai injin niƙan hatsi, a wanke, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Duwatsun kuwa cike suke da dalma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano mace-macen yara da ya wuce hankali, bincike kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na ƙasar Bukkuyum. Sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega.

Ba za mu ja layi guda daga ƙofar masaƙar Gusau zuwa kaburburan Dareta ba, domin tsadar zinariya da talauci da rashin sa ido na hukuma duk suna da hannu. Amma mai nazari yana da damar ya yi tambaya: da manomi yana da amfanin gona mai kawo kuɗi da rani, da kasuwar da ya amince da ita, anya zai mai da turmin matarsa wurin dakan dutse? Masana'anta, duk da aibinta, tana da katanga tsakanin wurin aiki da wurin kwana, tana ƙarƙashin Dokar Masana'antu ta 1987, akwai mai dubawa, akwai ƙungiya. Da aikin ya bar ta ya shiga cikin gida sai ya tarar da jarirai. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bayan haka ga 'yan bindiga da suka hana noma a ƙauyuka da yawa, har Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, hanin da ba a ɗage ba sai a Disamba na 2024.

7.0 Suka ta Uku: Maganin da Bai Dace da Cuta Ba

Wanda ya yi kuskure a wurin awo zai yi shi a wurin magani. A wajajen 2009 zuwa 2010 gwamnati ta ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu da ɗinki, a 2019 kuma Babban Banki ya hana ba da kuɗin waje don shigo da yadi. Akwai alheri a cikin niyyar, an kuma ba manoman auduga rance a ƙarƙashin shirin Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015. Sai dai tunanin da ya rinjaya shi ne na mai tanderu: a biya bashi, a sayo inji, a sake hura wuta. Wannan zai iya tayar da masana'antar gilashi, domin yashi yana nan a raminsa, ba ya yin fushi, ba ya ƙaura. Manomi kuwa yana da zaɓi. Ba zai koma ga auduga ba sai ya sami iri mai kyau a kan kari, irin waɗanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru take fitarwa, da malamin gona, da mai saye tabbatacce, da sikelin da ba a taɓa ba, da hanyar gona wadda zai bi ya dawo lafiya. Kakuri har yanzu kango ce a mafi yawanta, wannan kuwa ya isa shaida.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, mun nuna cewa ƙidayar masu albashi ma'auni ne mai kyau ga masana'antar da ke cin abin rami kamar ta gilashi, amma gajere ne ga wadda ke cin abin gona. Mun kuma nuna cewa dogaro da shi ya ɓoye asarar manomi, ya ƙawata zamanin da fiye da kima, ya kuma karkatar da kuɗin gyara zuwa ga injuna. Shawararmu ita ce duk mai son auna abin da rufe masaƙu ya jawo ya fara lissafinsa daga fuloti, ya biyo zuwa injin gurza, kafin ya iso ƙofar masaƙa.

Akwai kason wannan aiki da ya rataya a wuyanmu, mu malaman jami'a. Tsofaffin malaman auduga da dillalai da direbobi da mata masu kaɗi suna nan da rai a Anka da Gummi da Bukkuyum, amma shekaru sun ja. A bakinsu akwai sunayen fulotai, da kalmomin awo da daraja, da labarin shekarar da kowace kasuwa ta mutu. Ya kamata sassan Hausa da Tarihi da Tattalin Arziki na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau su tura ɗalibai su naɗo wannan tun masu shi suna iya ba da shi, domin da shi ne za a gina ma'aunin da zai ɗauki manomi da ma'aikaci tare. Muna fatan mahalarta za su tattauna wannan batu su gyara mana inda ya kamata. Allah ya sa mu dace.